Wankan Yashi a Bakin Kogo

Meropi na tsaye bayan labulen kicin, gahawa na hucewa a hannunta, tana kallon mahaifinta yana fama da hawa jaki. Tsoho Lefter ya taka dakalin ƙofar gida yana nishi sai ka ce ransa za a zare, ya dogara sandarsa, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu biyu, da ƙyar ya jefa ta ƙetaren akumari. Ita kuwa Vitori, matar da aka ɗauka musamman don ta kula da shi, tana tsaye ƙiƙam da igiyar jakin rataye a gwiwar hannu, ko ɗan yatsa ba ta miƙa masa ba. Wannan wai ita ce mai jinya.

A gefen akumarin an ɗaure shebur da tsohuwar laima da bargo da goran ruwa. Wankan yashi za su, kamar kullum tun da zafi ya shigo. Wannan ba baƙon abu ba ne. A garinmu duk tsohon da sanyin ƙashi ya addaba, da watan Agusta ya kama sai ya gangara bakin teku a tona masa rami, a binne shi iya wuya cikin yashi mai zafi, ya yi gumi sanyin ya fita. Abin da ya ƙi kwanta wa Meropi shi ne inda suke zuwa. Ga babban bakin ruwa nan ƙasan gari, mota na kai mutum har gindin laima, tsofaffi jere da kawuna a waje kamar kankana a gona, suna gulmar juna. Amma su biyun nan sai Bakin Kogo, inda ba hanya sai ta awaki, inda in mutum ya yi ihu duwatsu kaɗai za su ji shi.

Vitori ba 'yar garin ba ce. Daga wani ƙauye na bayan dutse aka kawo ta lokacin da Andoneta, mahaifiyar Meropi, ta kwanta ciwon ajali. Mijin Vitori ya daɗe da mutuwa, ɗanta tilo ya tsallaka Italiya ya manta lambar waya. Da aka binne Andoneta kowa ya ɗauka matar za ta ɗaure kayanta ta kama hanya. To ina! A watan ne ƙafafun Lefter suka ga damar lalacewa, ƙafafun da suka ƙare rayuwarsu suna bin awaki a kan tsauni ba su taɓa cewa wash ba. Stefo, yayan Meropi, ya ci gaba da turo albashin matar daga Jamus, ita kuma Meropi ta yi ta aiko da man shafawa da ƙwayoyi daga Atina, babban birnin Girka, tana kuka a ɓoye duk ranar da ta ji muryar tsohon a waya yana cewa yau ma bai iya fita tsakar gida ba.

Kuma fa ba a yi wa Meropi wayo a kan wannan sana'a, don ita ma da ita take ci. A Atina wani tsohon Bagirke take juyawa, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki. Ta san masu jinya iri-iri. Ta san masu tsoron Allah, ta kuma san waɗanda ke shiga gida da jaka ɗaya, kafin 'ya'ya su farga sun zama su ne masu gidan.

Tun da ta iso ba abin da take yi sai sa ido, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Saman kabad ƙura, kusurwoyin ɗaki yanar gizo. Miyar wake gishiri kamar an ɗebo ta daga teku. Kullum kafin ta farka an gama aikin gidan, an yi shi kuma a hagunce, matar tana zaune a kujera ta cusa hannuwa ƙarƙashin zanen gabanta sai ka ce matar limamin coci. A bayan hannun tsohon akwai sabon tabon ƙuna, da ta tambaya ya ce taba ce, alhali ya bar shan taba tun tana makaranta. Magungunan da take aikowa kuwa, ba a ɗakinsa ta same su ba, a ƙarƙashin matashin Vitori ta gan su, an sha fiye da rabi. Ga ƙus-ƙus ɗin da suke yi su biyu, da ta shigo sai su yi tsit.

Maƙwabciyarsu Urani, wadda ba abin da ke wucewa a layin bai biya ta tagarta ba, ita ta ƙarasa hura wutar. Ta tare Meropi ta saman katanga tana tsinkar ɓaure.

"Ni dai ban ce komai ba, 'yar nan. Amma mai hawan jini, a ɗauke shi kullum a binne cikin wuta, kuma a inda ba ido? Gidan nan naku mai kallon teku, kin san yadda baƙi ke lashe baki a kansa yanzu. Ki buɗe ido, shi ke nan abin da zan ce."

Meropi ba ta son Urani, ba ta taɓa sonta ba, amma maganar ta shige ta. A daren ta kira Stefo suka yanke shawara: za ta tafi da tsohon Atina ya ga likitan ƙwarai ya zauna wurinta, a sallami matar ta koma inda ta fito. Da ta faɗa wa Lefter a kan tebur, sai ya ajiye cokali ya ce gawarsa ce kaɗai za ta shiga motar Atina. Ta ce to, gobe za ta raka su Bakin Kogo ta ga wankan da ake yi masa. Nan ya tashi da faɗa, faɗan da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, wai ba 'yar da za ta gan shi tuɓe cikin rami kamar mushe, in tana son ruwa ga babban bakin teku can ta je ta yi iyo da sa'o'inta. Vitori ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi faɗan ba Meropi tsoro.

Motar Atina gobe da safe take tashi. In akwai abin gani, yau ne.

Ta jira har ƙarar kofaton jakin ta ɓace a ƙarshen layi, sannan ta zura tsofaffin takalman mahaifiyarta na zuwa gona, ta fita ta ƙofar baya don kada Urani ta gan ta. Rana ta riga ta ɗaga. Hanyar ta bi ta bayan maƙabarta, ta ratsa gonakin zaitun da masu su suka watsar suka tafi ci-rani, ta nufi ɗan ƙaramin cocin nan na kan tudu da ba a buɗe shi sai ranar idinsa. Rabon Meropi da hanyar tun tana budurwa. Ƙaya ta yi ta kama mata siket, kukan gyare ya cika mata kunne, ga gumi na bin bayanta. Tana tafe tana laɓewa a bayan katangun dutse, tana jin kunyar kanta, mace da 'ya'ya manya tana bin sawun ubanta kamar ɓarauniya.

A kwanar coci suka ɓace mata. Da ta zagayo ta sake hango su can gaba a gefen tsauni, sai ta ja ta tsaya cak. Ta kare ido da hannu ta sake dubawa, ko rana ce ke yi mata wasa. Ba rana ba ce. Wadda ke kan jakin mai baƙin ɗankwali ce. Vitori ce zaune daram a kan akumari, tsohon kuma yana ƙasa yana jan igiya.

Ashe haka ake yi. A cikin gari a nuna wa mutane ana tattalinsa, da an sha kwana a sauke shi a hau. Ta buɗe baki za ta ƙwala kira, sai ta danne. A'a, ba yanzu ba. Za ta ga ƙarshen abin da idonta, yadda gobe ba wanda zai ce mata zargi ne.

Inda hanyar jaki ta ƙare akwai wata tsohuwar bishiyar zaitun mai rami a ciki, daga nan sai gangara da ƙafa. A nan ta tarar da jakin a ɗaure yana korar ƙuda. A cikin ramin bishiyar kuma ga sandar mahaifinta an soke. Ta zaro ta, ta juya ta a hannu, wurin riƙon duk ya yi santsi. Har sandar ma an raba shi da ita. Hawayen takaici suka zubo mata, ta share da bayan hannu, ta riƙe sandar gam. A ranta ta ce in ta kama, da ita za ta yi amfani.

Gangaren Bakin Kogo ba wasa ba ne. 'Yar siririyar hanya ce ta tsakuwa mai zamewa, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, gefe guda bango, gefe guda kwazazzabo. Meropi ta sauka rabi da ƙafa rabi da mazaunai, tana kama saiwoyi, tana tambayar kanta ta yaya gurgu ke bin nan kullum. Sai ga tekun ya buɗe a ƙasanta, shuɗi har yana kashe ido, ba ko jirgi ɗaya. Lungun ɗan ƙarami ne, duwatsu sun rungume shi ta ko'ina, ga bakin kogon baƙi ƙirin a gefe. Galibin gaɓar nan tamu tsakuwa ce, amma nan yashi ne na gaske, mai laushi, kuma rana na dukansa tun safe. Ta sami wani dutse ta raɓe a bayansa, ta leƙa.

Vitori na zaune a inuwar bakin kogo. Lefter kuwa ya tuɓe riga, yana tsakiyar rana da shebur, yana tona.

Shi ke haƙa ramin kansa. Meropi ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ta yunƙura za ta miƙe, sai wani abu ya tsayar da ita, idon sana'a ne ya riga zuciya gani. Yadda yake tonon. Ya kafa ƙafar hagu, waccan da ya ɗaga da hannu biyu ɗazu, yana danna shebur da ita, yana watsa yashi gefe, bayansa a miƙe. Har wata 'yar waƙa yake yi ta makiyaya, wadda yake yi musu suna yara. Ta yi shekaru tana ɗaga masu ciwon ƙashi, ta san yadda suke tsayawa. Ba mai sanyin ƙashin da ke tsayuwa haka.

Ya gama ramin, dogo mara zurfi. Ya durƙusa ya sa gwiwar hannu ya gwada zafin, ya jira kaɗan, ya sake gwadawa. Ya naɗe rigarsa ya ajiye a wajen kai. Meropi na jira ta ga ya kwanta. Maimakon haka sai ya nufi bakin kogon, ya tsuguna gaban Vitori, ya kwance mata igiyar takalmi. Ya ɓalle mata maɓallan baƙar rigarta ɗaya bayan ɗaya, ita tana kallon teku, har ya rage daga ita sai doguwar shimi. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga ta, suka taho a hankali, tana jan ƙafa, tana cije baki.

A nan ne Meropi ta ga hannuwan. Tun da ta zo ba ta taɓa ganinsu a fili ba. Yatsun sun karkace gefe guda, gaɓoɓin sun kumbura kamar ɗanyar citta. Gwiwoyin ma haka. Wannan ba ciwon bana ba ne, ba na bara ba ne. Hannun da ya zama haka ba ya matse tsumma, ba ya ɗaga tukunya, ko maɓallin rigarsa ba ya iya ɓallewa.

Lefter ya kwantar da ita cikin ramin, ya gyara mata kai a kan rigarsa, ya shiga tura yashi mai zafi da tafin hannu, daga ƙafa zuwa sama. Da ya zo kan hannuwan sai ya rage sauri, ya rufe su ɗaya-ɗaya, ya bar ƙirjin da yashi kaɗan kamar yadda ake yi. Ya buɗe laima ya kafa mata a kai, ya jiƙa ƙyalle ya ɗora mata a goshi.

Meropi ta zauna daɓas a bayan dutsen. Miyar wake mai gishiri, ai ta san ta. Ita ce miyar da Baba ke dafa musu a bukkar kan tsauni lokacin kiwo, su ci suna kuka yana dariya. Ta ci ta kwana da kwanaki a gidan nan ba ta gane ba. Ta ji kunya ta rufe ta, sai kuma fushi ya biyo baya, fushi mai zafi, don ta tuna daren da ta yi ta kuka a ɗakin wankan Bagirken nan saboda ƙafafun da ga su can suna danna shebur. Ta miƙe da ƙarfi, tsakuwa ta zame a ƙarƙashinta, duwatsu suka gangara suna ƙara har cikin yashi.

Tsohon ya ɗago. Suka kalli juna, ita a sama da sandarsa a hannu, shi a ƙasa tsaye kan ƙafafu biyu lafiyayyu. Ta ga ya ɗan lanƙwasa gwiwa kamar zai fara ɗingishi, sai ya ga ba amfani, ya miƙe.

"Tunda kin zo," in ji shi, "sauko ki riƙe mana laimar nan, iska na kayar da ita."

Ta sauko. Ba ta riƙe laima ba. Ta tsaya gabansa ta zazzage masa duk abin da ke cikinta: shekarun da ya yi yana yi musu ƙarya, kukan da ta sha, likitocin da ta bi tana kwatanta ciwon da babu shi, hutun da ta roƙa da ƙyar don ta zo ta cece shi. Ya tsaya yana saurare yana sosa gemu. Da ta zo kan man shafawar da take aikowa, sai ya nuna ramin da haɓa.

"Man nan yana da kyau ƙwarai. Ki ƙara aiko da irinsa, mai jan murfin."

"Baba, wasa ma kake yi da ni?"

"Ba wasa nake ba." Muryarsa ta sauya. "Kin ga hannuwan?"

Ta ce ta gani.

"A kan uwarki suka ƙare. Damuna biyu tana juya ta, tana ɗaga ta, tana wanke zannuwa da ruwan sanyi tun kafin gari ya waye, ciwon na cinta ba ta faɗa wa kowa ba. Ke lokacin kina Atina kina juya uban wasu. Ban ce laifinki ba ne, abinci ne ya kai ki. Amma ranar da muka dawo daga maƙabarta na tarar da matar nan tana son ɗaure kayanta, ta kasa ƙulla bakin jaka. Ina za ta? Gidanta rufin ya rufta. Ɗan nata kin san labarinsa."

Meropi ta ce ai da ya faɗa musu gaskiya. Tsohon ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ce ta faɗa masa tsakaninta da Allah abin da za su ce. Stefo zai ce ba a riƙe mai jinyar da ita ke neman jinya. Ita Meropi za ta ce me wata mace ke yi a ɗakin uwarta. Urani kuwa kafin yamma ta kai labari har birnin Saranda cewa Lefter ya ajiye mace tun ƙasar kabarin matarsa ba ta bushe ba. Lafiyayyen namiji ba ya zama da mace a gida ɗaya a garin nan sai da dalili. To shi ya nemo dalili, ya same shi a ƙafarsa ta hagu.

Meropi ta san gaskiya ya faɗa. Abin da za su ce ke nan, kalma da kalma.

Daga ƙasa wata ƙaramar murya ta fito. Sun ma manta da ita, kai kawai a kan yashi ƙarƙashin laima.

"Na ce masa ya bar ni in tafi, 'yar nan. Wallahi na faɗa masa ya fi a ƙirga. Gobe in kun tashi ku sauke ni a mararraba, zan sami mota. Kada ki yi fushi da shi, taurin kai ne da shi kamar jakinsa."

"Ji ta," in ji Lefter. "An binne ta ma bakin bai mutu ba."

Vitori na kuka, kuma ba hannun da za ta share. Hawayen na gangarawa ta gefen ido suna shiga kunne, ga gumi, ga yashi ya manne mata a kumatu. Meropi ta tsaya tana kallo. Ba ta yanke shawarar komai ba, hannunta ne kawai ya yi abin da ya saba. Ta durƙusa, ta ɗauki ƙyallen ta sake jiƙa shi, ta goge fuskar, ta tallafo kan ta ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Ta sa yatsu biyu a wuyanta ta ji bugun jini, ta juya ta harari mahaifinta, ta ce ya barta ta daɗe da yawa, haka ake yi wa mutum? Ya tone ta yanzu. Ya ce shi ya san aikinsa. Ta ce bai sani ba. Ya tone ta.

Suka naɗe ta da bargo suka zaunar a inuwa don kada iska ta buge ta, gumin ya ƙarasa fita. Tsohon ya ciro burodi da cuku da tumatir, ya yayyanka ƙanana yadda za su ɗauku da karkatattun yatsu. Aka ci, ruwan teku na zuwa yana komawa. Can Meropi ta tambaya, ba tare da ta kalli kowa ba, ko akwai wata magana tsakaninsu da ya kamata ta sani. Lefter ya ce ba a dafa alkamar sadakar cikar shekara uku da rasuwar uwarta ba tukuna, kafin nan ba shi da bakin wata magana. Vitori ta ce ita ko bayan nan me za ta yi da tsohon da bai iya sa gishiri a miya ba. Kunnuwan tsohon suka yi ja. Meropi ta lura, abin ya yi mata ciwo kaɗan, amma ba kamar yadda ta zata ba.

Hawan ya fi saukar wuya. Lefter na gaba Vitori ta riƙe masa ɗamara da gwiwar hannu, Meropi na baya tana turawa, ga shebur ga laima. A wurare biyu sai da ya goya ta. Meropi na kallon jijiyoyin wuyansa, tana lissafin shekarunsa, tana tunanin ranar da ƙafar za ta zame da gaske ba kowa a bayansu. Da suka kai gindin zaitun wayarta ta samu layi ta hau ruri. Stefo ne. Ta duba, ta mayar aljihu.

A kwanar coci tsohon ya tsayar da jaki ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Ya sauko da Vitori, ya rataya mata igiyar a gwiwar hannu, ya miƙa hannu Meropi ta ba shi sandarsa. A gaban idonta ya rankwafa, kafaɗu suka zubo, fuska ta yamutse, ya haye akumari ya zama tsohon da ta sani a waya. Vitori ta cusa hannuwa ƙarƙashin zanen gabanta, ta ja numfashi, ta miƙe tsaye kamar lafiyayya. Daga nan zuwa gida da ƙafarta za ta, kuma ba ta da izinin ɗingishi. Kullum haka take yi, safe da rana. Meropi ta ga yadda leɓenta ya yi fari tun a takun farko.

Ba su yi nisa ba Meropi ta saƙala hannunta cikin na matar, ta manna ta a jikinta ta ɗauke mata nauyi, ita kuma ta fara jan ƙafar dama. Wanda ya hango su zai rantse Meropi ce ta jingina da mai jinya.

Urani na bakin katanga, ina za ta? Idonta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan yashin da ke siket ɗin Meropi.

"A'a, ashe har da ke aka je. Me ya sami ƙafar?"

"Gurɗewa na yi a gangare, Gwaggo. Ba don Inna Vitori ba da can zan kwana."

"To, kin dai gani da idonki." Urani ta rage murya, wai don kada a ji. "Yaya kika ga jikin nasa? Goben dai tana nan?"

Meropi ta ɗaga kai ta kalli mahaifinta. Yana kan jaki ya ƙura wa kunnuwan dabbar ido, hannunsa mai tabon ƙuna ya damƙe sandar. A jikinta ta ji Vitori ta daina numfashi.

"Jikin ya fi yadda na zata tsanani," in ji ta. "Ba zai iya zaman mota har Atina ba. Ni kaɗai zan koma. Kuma in ba Inna Vitori ba, ban ga wanda zai iya da shi ba."

Urani ta taɓe baki, ta ce Allah ya sawwaƙe, amma ba ta bar bakin katangar ba. A ƙofar gida Lefter ya zamo daga kan jaki zuwa dakali da nishinsa na kullum, ya dogara sanda ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, yau har da ƙari. Meropi ta saki Vitori a kan kujera, ta dawo da sauri ta kama shi ta hammata kamar mai taimako, ta kai bakinta saitin kunnensa.

"Baba," ta ce a hankali, "ta hagu ce."

Tsohon ya tsaya, ya yi tari, ya sauya ƙafa.